Fijo 504 ta Baba: a tashe ta ko a sayar wa 'yan gwangwan?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin motoci. Akwai Fijo 504 GR ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, fara, tana ajiye a bayan gida tun kafin rasuwarsa, shekaru sun ja ba a tashe ta ba, tayoyi duk sun zauna, har kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. 'Yan gwangwan sun taya sun taya har sun gaji, ni kuma zuciyata ta kasa yarda a sa mata guduma, domin a cikinta aka kai mu makarantar kwana dukkanmu. Ni malamin makaranta ne, abin da zan iya warewa a wata bai wuce dubu 30 zuwa 40 ba, lokaci kuma sai Asabar da yammacin Lahadi. Ba don kabu-kabu nake so ba, so nake ta tashi in riƙa kai Hajiya unguwa da ita. Ta ina zan fara? Wani ya ce in fara kai ta fenti ko na samu ƙarfin gwiwa in na gan ta tana sheƙi.

Oga Isa Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. Wanda ya ce ka fara da fenti bai taɓa tada mota ba, fenti shi ne ƙarshe, ƙarshen ƙarshe ma. Kuma don Allah kafin komai kada ka bari wani yaro ya kawo batir ya ce bari a gwada kik a gani, nan ake kashe inji. Ka kwance fulogi huɗun nan, ka ɗiga bakin mai da ɗan gas a kowane rami, ka mayar da fulogin sama-sama saboda ƙura, ka bar shi ya kwana biyu ya jiƙa. In Asabar ta zagayo ka cire fulogin, ka sa giya a firi, ka sa sifana a kan notin fulin karanshaf ka juya da hannu a hankali. In ya juya zagaye biyu ba cijewa to ka gode wa Allah rabin aikinka ya ƙare. In ya cije kada ka sa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara jira. Wannan duk ba ya cin kuɗi sai haƙuri.

Sadiq KD:
Gsky ni dai ban goyi baya ba. Malam kai da bakinka ka ce dubu 40 a wata, tayoyi huɗu da batir kaɗai za su cinye maka wata nawa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu sababbin motoci ma ajiyewa suke suna hawa mashin, kai kuma za ka tada mai kabireta. Ka sayar ka ƙara kuɗi ka sayi ƙaramar mota mai injekta ka huta, tunawa da mahaifi ai addu'a ce da sadaka ba ƙarfe ba.

Malam Habu Zariya:
Sadiq na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki, addu'a kam ba ma fasawa. Amma abin da 'yan gwangwan suka taya ko mashin ba zai saya ba balle mota. Kuma ina da mashin ɗin zuwa aiki, ita wannan ta fita ce jefi-jefi.

Ustaz Nura:
Malam Habu kafin a kai ga sifana akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ka ce motar mahaifinku ce, shin an raba gado an ba ka ita ne ko har yanzu ta magada ce gaba ɗaya? In ba a raba ba to ba taka ba ce kai kaɗai, Hajiya na da tumuninta a ciki, ƙannenka mata na da rabonsu. Ka tara su, a kira wanda ya san mota ya yi mata kuɗi a yadda take yanzu a zaune, ka biya kowa nasa ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu, a rubuta. Na ga inda mutum ya zuba kuɗinsa ya gyara gidan gado, da gidan ya yi kyau aka ce a raba a yadda yake yanzu, zumunci ya lalace a kan abin da zama ɗaya zai kashe tun farko.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Ustaz, abin da ke raina ke nan. Kuma Malam ka zauna da maiɗakinka ma ku yi magana, kuɗin nan kada ya taɓa na cefane da na makarantar yara, in watan ya zo da ƙunci motar ta jira, ai ta saba jira. Mu mata ba gyaran mota muke ƙi ba, ganin an kwashe na gida an kai gareji shi ne ciwon.

Malam Habu Zariya:
Ustaz an yi rabon gida da gona amma motar an bar ta haka nan ba wanda ya ce komai a kanta. In sha Allah Juma'ar nan bayan masallaci zan tara su. Maman Ilham na gode, kuɗin lesin da nake yi wa yara da yamma ne zan ware, albashi ba zan taɓa ba.

Baba Ɗanjuma Kakuri:
Ɗana Habu, Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tunani. Ni a kamfanin haɗa Fijo na Kaduna na yi aiki har na yi ritaya, a layin haɗa bodi, to ka ga ba mamaki motar nan ta bi ta hannuna. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, kuma yaran yanzu ba za su yarda ba in ka ce musu a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo kayan daga Liyon ta Faransa a sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwaso zuwa Kaduna mu haɗa. Ita 504 a 1968 ta fito a can Faransa, 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, su suka daina yinta tun 1983 mu kuwa muka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, samfurin da ake kira Bestline ita ce ta ƙarshe-ƙarshe. Zamanin mulkin soja na Obasanjo da aka ce manya su rage facaka ita ce motar gwamnati, kwamishina da babban sakatare duk ita suke shiga. Dalilin da ya sa nake gaya maka wannan ba don labari ba ne kawai, don ka san an zuba motar nan a ƙasar nan da yawan gaske, saboda haka kayanta ba su ƙare ba, suna nan a Panteka da Ƙofar Ruwa da bayan garejin tsofaffin makanikai. Kuma an yi ta ne don hanyarmu, a 1975 ita ta ci gasar Safari ta Kenya a cikin laka da ƙura. Abin da zan roƙe ka, kada ka bari a cire farantin lambar da ke cikin bonet ko a shafe shi da fenti, shi ne shaidar motar.

Sadiq KD:
Baba ran ka ya daɗe tarihi kam ba wanda zai ja da ku, amma tarihi ba ya zuba mai a tanki. Lita nawa take sha?

Direba Mai Wagon:
Sadiq ni na ja wagon Kano zuwa Jos shekara da shekaru, in kabireta na kan saiti, fulogi da kwantak masu kyau, a doguwar hanya lita 10 zuwa 12 take ci a kilomita 100, cikin gari ta fi haka. Ba ƙaramin sha ba ne amma ga wanda zai fita sau ɗaya a mako ba abin tada hankali ba ne. Yawancin waɗanda ake cewa suna zuƙar mai, a kabireta an sa musu jet, ƙofar da mai ke fita, da ba nasu ba ne ko fulot mai tsayar da mai ya lalace mai na ambaliya, ka tsaya kusa da salansa ka ji ido na yaji, to wannan ba halin motar ba ne, rashin saiti ne.

Injiniya Bash:
Ni shawarata daban ce. Malam ka cire wannan tsohon injin gaba ɗaya ka sa na Toyota na Beljiyam da giyabos ɗinsa, ka huta da kwantak da kabireta, kowane bakanike a kowane ƙauye ya san shi, kayansa kuma ko'ina akwai. Jiki na Fijo zuciya ta Japan, an yi wa motoci da yawa haka.

Oga Isa Bakanike:
Injiniya da girmanka amma wannan shawarar ta mai kuɗi ce a dunƙule, ba ta mai dubu 40 a wata ba. Ka san 504 ba kamar sauran motoci take ba, farfela shaf ɗinta a cikin bututu yake tafiya, bututun kuma a ɗaure yake da bayan giyabos har zuwa aksul, in ka canza giyabos sai ka yanka ka ƙera, ga mazaunin inji, ga salansa, ga wayarin, ga lagireto, injin nata kuma a kishingiɗe yake gefe guda shi ya sa bonet ɗin ya yi ƙasa. Kafin ka gama ƙere-ƙere ka kashe abin da zai yi wa injinta garambawul har da canji. In ma injin ya mutu murus, 505 ta farko mai fetur injinta irin na 504 ne, XN1 mai lita 2, ɗauka ne ka dasa ba yanka ba walda. Wanda ke son giya biyar ma a jikin 505 ake samu.

Injiniya Bash:
Oga Isa ban ƙi ba, amma nan da shekara goma wa zai gyara masa kabireta? Yaranku na gareji yanzu kwamfuta suka sani, su jona su karanta su canza sensa.

Oga Isa Bakanike:
Shi zai gyara abinsa mana, ai amfanin motar ke nan. Kabiretar Solex ɗin nan malamin makaranta zai iya kwance ta a kan tabarma ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori ya mayar, ya ɗauki hoto da waya kafin ya cire kowane sukuru shi ke nan. Kwantak gibinsa milimita 0.40, bawul in injin ya huce na shiga 0.10 na fita 0.25, fila geji, ma'aunin gibi, kawai zai saya. Abu ɗaya ne ban yarda ya taɓa shi kaɗai ba, wato tof silinda. Injin nan silib gare shi, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, masu zama cikin ruwa, in ka ɗaga tof ka kuskura ka juya karanshaf ba ka danne silib ɗin da washa da noti ba, za su ɗago, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ka haɗa komai tsaf ka tayar sai ka ga bakin mai ya koma fari-fari ruwa ya shiga. Yara da yawa sun kashe injin Fijo ta nan. Kuma silinda lamba ɗaya a Fijo daga wajen kulochi ake ƙirgawa ba daga wajen fanka ba, sai a kula wajen jera wayoyin fulogi, 1-3-4-2.

Elhaj Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu nan har yanzu bashe 504, wato a-kori-kura, tana aiki, ranar kasuwa ka ga an loda mata buhunna da awaki tana tahiya cikin rairayi. Abin da munka gani, inji bai cika kashe motar ga ba, tsatsa ka kashe ta, mu da ke da ƙarancin ruwa jikin namu ya hi daɗewa. Malam in ka rasa wani abu na jiki kamar ƙofa ko fitilar gaba ko gilashi ka yi magana, akwai wuraren da anka tara matattunsu nan da Yamai, ana iya dubawa a aiko ta Jibiya. Amma ka riƙa aiko hoto da awo, don na bashe da na salun ba duka ne suke shiga juna ba, fitilun baya dai sam ba ɗaya ba ne.

Garba Fanel Bita:
Elhaj ya taɓo inda nake jira. Malam kafin ka kashe ko naira ɗaya a inji ka duba jiki, domin inji ana sayensa a kasuwa, jiki in ya ruɓe a wurin da ke ɗauke da nauyi aikin ya fi ƙarfin aljihunka. Ka cire kujeru ka yaye kafet gaba da baya, ka sami sukundireba ka riƙa caka ƙasan, inda ya yi ƙara ƙwal lafiya, inda ya nutse ka zagaye da alli. Ka duba ƙarƙashin batir, ka duba cikin but inda ruwa ke kwanciya a gefe da gefe, ƙasan ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa inda ake sa jak, gefen gilashin gaba a ƙarƙashin roba, sannan uwa uba saman shokozoba na gaba cikin bonet da wurin da ƙafar baya ta kama jiki. Ramin ƙasa ba komai ba ne, a yanke a sa sabon falle a yi walda a shafa jan fenti mai hana tsatsa. Amma in wurin shokozoba ko mariƙin ƙafar baya ya cinye to ka dawo mu sake magana. Kuma ka sami mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ka bi jikin da shi, duk inda ya ƙi kamawa an taɓa cika wurin da fila. Ina roƙonka kada ka yarda wani ya shafe maka tsatsa da fila ya fesa fenti, damina ɗaya za ta kumbura ta fashe, kuɗinka ya tafi a banza.

Maman Ilham:
To ni tambayata, duk wannan a gida zai yi ko sai ya ja ta gareji? Don na san motar da aka kai gareji aka ce sati biyu, yau yaran da aka haifa lokacin sun shiga firamare tana nan an cire mata komai.

Oga Isa Bakanike:
Hajiya kin faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Motar da mai ita ba ya biya a dunƙule ita ake turawa baya a gareji, yau a ari kik ɗinta a gwada a wata, gobe a ari kwil, haka za ta ƙare. Ya bar ta a gida, ya ɗora ta a kan bulo ko katako mai ƙarfi, ya rufe da tamfol amma ya bar iska na shiga ta ƙasa, in aikin ya fi ƙarfinsa ya kira bakanike ya zo gida ya biya shi na ranar. Kuma kada ya kwance komai lokaci ɗaya, wannan shi ke kashe gwiwa, mutum ya fito ya ga mota ta zama tarkace a cikin kwali goma ya rasa ta inda zai kama. Abu ɗaya a wata. Wannan watan tanki, a sauke a wanke domin tsohon fetur ya zama danƙo, a canza tiyon mai, kafin nan ma da galan za a fara tada ta. Wata mai zuwa lagireto da tiyon ruwa da bel. Sannan birki gaba ɗaya, masta da robobi da tiyo da sabon man birki, a nan ban yarda da na hannu ba sai sabo. Duk notin da ya cire ya sa a leda ya rubuta sunan wurin a takarda ya jefa ciki. Taya da batir su ne ƙarshe kafin ta hau titi, in ka saya da wuri suna zaune suna tsufa a banza, na gwaji aro ake yi.

Direba Mai Wagon:
Ƙari a kan taya, ka duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, kada a sayar maka da wadda ta kwana a sito, 'yan rod sefti na dubawa. Salun 175 ce rim 14. Sannan ka cire tamostat ka jefar, ƙasarmu da zafi ba ta buƙatarsa, mu duk haka muke yi.

Oga Isa Bakanike:
A'a direba nan kam mun rabu. Ku da kuke tafiyar awa biyar ba tsayawa ba za ku ga illar ba sosai, shi kuwa daga gida zuwa cikin gari ne, in babu tamostat injin ba zai yi ɗumin da ya kamata ba musamman da hunturu, ya ƙara shan mai, fulogi na yin baƙi. Obahitin ɗin Fijo daga toshewar lagireto ne da fankar da ba ta kamawa da murfin da ya saki. Ya sa sabon tamostat, ya daina zuba ruwan rijiya zalla, ya sa kulant, domin tof ɗin alminiyom ne, in ya yi zafi sau ɗaya ya lanƙwashe sai an kai an goge.

Direba Mai Wagon:
To Oga kowa da abin da ya gani, ni dai tawa ba ta taɓa tafasa ba a hawan Jos.

Sadiq KD:
Har yanzu dai ina nan a kan bakata, amma in har za ka yi to ka duba takardu tun yanzu, kada ka gama kashe kuɗi a tare ka a hanya da fatikula mai sunan marigayi da ta mutu shekara da shekaru. A yi canjin suna da takardar yardar magada, in tsohuwar lamba ce a sake. Kuma beraye, motar da ta zauna haka wayarin ɗinta sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya kafin a jona batir, gobara ba wasa ba ce.

Malam Habu Zariya:
Salam 'yan uwa, ga inda aka kwana. Mun zauna ranar Juma'a, Hajiya da ƙannena mata biyu sun yafe nasu, yayanmu ya ce a biya shi nasa kuma na amince zan biya a wata biyu, an rubuta kawunmu ya sa hannu. Jiya na sa sifana kamar yadda Oga Isa ya ce, da farko ya ƙi, na ɗan mayar baya na dawo gaba sai na ji ya saki, ya juya har ina jin iska na fita ta ramin fulogi fus fus. Na yaye kafet, gefen direba akwai rami da tafin hannu zai shige daidai inda ake ajiye diddige, cikin but ma gefen hagu ya huhhuje, amma saman shokozoba duka biyun na caka da ƙarfi ba su nutse ba. Beraye sun yi sheƙa a bayan dashbod sun ci wayoyi uku, Sadiq ka yi gaskiya ban jona batir ba. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsattsage, ina jin ta nan ruwan ya riƙa shiga. Oga Garba wane kaurin falle zan saya na ƙasan, kuma walda kafin tanki ko bayan tanki?

Garba Fanel Bita:
Alhamdulillahi, tunda wurin shokozoba lafiya motar za ta yi. Falle mai kaurin milimita 1 ya isa ƙasa, kada ka sayi mai kauri sosai ba ya lanƙwasuwa da guduma. Ka sauke tanki tukuna ka kai shi can nesa da wurin, ka cire tiyon mai da ke bi ta ƙarƙashi, sannan a kunna wuta, kuma a ajiye bokitin ruwa da yashi a kusa. Ka turo hoton ramin ta ciki da ta ƙasa in gani ko ya kai ga ƙarfen gefe.

Elhaj Maraɗi:
Robar gilashi kada ka sayi tsohuwa ko an ba ka kyauta, sabuwa za ka nema. Zan tambaya nan ranar kasuwa, kai ma ka sa a duba maka Panteka, wanda ya riga samu ya yi magana.